Garau Ba Shi Ne Lafiya Ba: Yadda Ruwan Sha Ke Ɓaci Daga Fegge Zuwa Bakin Teku

Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal cikin shekara guda ya haura milimita 2,000. Na Sakkwato da ƙyar yake kaiwa 700, na Agadas kuwa ko 200 ba ya cikawa. Don haka mutumin da ya tashi a inda ake fita sallar roƙon ruwa, inda ake zura guga gaba ashirin kafin a ji ta taɓa, in ya gangara kudu neman na tuwo ba ya kawo wa ransa cewa ruwan sha zai zame masa abin lissafi. Ga kogin Kwara shimfiɗe a gefen Anacha, faɗinsa ya fi kilomita guda. Ga damina mai cin wata bakwai zuwa takwas. A wasu unguwannin Fatakwal, in aka haƙa ramin da bai wuce tsayin mutum biyu ba sai a ga ruwa na tsattsafowa. Duk da haka kowa saye yake yi, a jarka, a leda, a tankar mota. Sau da yawa ma mai turo kurar ruwan ɗan'uwa ne daga Jigawa ko Katsina ko Damagaram, ya baro ƙasar fari ya zo yana sayar da ruwa a ƙasar ruwa.

Zamanmu a waɗannan garuruwa ba na jiya ba ne. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1912 Turawa suka kafa Fatakwal don su sami tashar da za su riƙa fitar da shi, a 1916 layin dogo ya haɗa ta da Inugu. Fatake da mahauta da 'yan koli suka biyo dogo, wasu suka biyo kogi zuwa Anacha. Har Inugu ta yi magajin gari ɗan arewa, Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu. Tun wancan lokaci muka zo da kayanmu da harshenmu da ma'aunin da muke gane ruwa mai kyau da shi, kuma a kan wannan ma'auni nake son mu tsaya tukuna.

Duk wanda ya durƙusa gaban malam a zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san hukuncin ruwa. Ana duba launinsa, a duba ɗanɗanonsa, a duba warinsa. In babu wanda ya jirkita a cikin ukun, ruwan mai tsarki ne, a yi alwala a yi wanka. Hukunci ne na ibada, kuma a muhallinsa ba shi da aibi. Matsalar ita ce mun ɗauke shi daga buta mun kai shi randa, muna auna ruwan sha da shi. Shi ya sa in ka tambayi mai kura daga ina ya ɗebo, amsarsa ba ta wuce, "Alhaji, na bohol ne, duba ka gani, garau yake." Gaskiya ya faɗa, garau ɗin yake. Amma malaman da suka koya mana hukuncin su ne kuma suka gaya mana ruwan teku ya halatta a yi tsarki da shi, alhali babu mai iya rayuwa a kansa. Tsarki daban, lafiyar ciki daban. Abubuwan da ke ɓata ruwan sha a kudu, mafi haɗarinsu ba su da launi, wasu ba su da wari sai sun riga sun kai inda suke yin illa, kuma maganin da ke kashe ɗaya ba ya taɓa ɗayan.

Mu fara da Fegge, don matsalarta ce ta fi kama da ta gida. Unguwa ce a kwari, tsakanin babbar kasuwar Anacha da bakin gadar Kwara da aka kammala a 1965. Anacha a kan gangare take, don haka duk ruwan da ya zuba a saman gari, da abin da ya kwaso a lambatu, ta wannan ɓangaren yake neman hanyar kogi. Rafin Nwangene da ya ratsa yankin ya daɗe da zama juji: ledoji, robobi, baƙin man gareji, ruwan masana'antu, da abin da ba a ambata a gaban abinci. Akwai ma'aikatar ruwa ta gwamnati a bakin rafin Nkisi wadda a da take ba gari ruwan famfo, amma ta yi shekaru masu yawa a kwance, har yara suka girma ba su taɓa ganin famfon gwamnati ya zubo ba. Da famfo ya mutu sai kowane mai gida ya zama hukumar ruwan kansa. Ya kira masu injin haƙa, suka huda masa rijiyar burtsatse a tsakar gida, ya ɗora tanki a sama, ya sayi janareta. Wanda ya ga da riba ya fito da tiyo waje yana sayar wa 'yan ga-ruwa.

A nan ne lissafin ƙasa ya ƙi fita. Filotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne a ƙafa 100, wato kamar mita 15 a mita 30. A cikinsa za a yi gini, a haƙa ramin masai da sokawe, a kuma huda rijiya. Shi sokawe da gangan ake gina shi don ya riƙa tsiyaya, aikinsa ke nan, ya saki ruwan ƙazanta cikin ƙasa a hankali. Ƙasa tana iya tace wannan ruwa, yashi ya riƙe ƙwayoyin cuta su mutu a hanya, amma sai an ba ta nisa da lokaci. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. To ina mita 30 a filin da tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne? Ko mai gida ya yi ƙoƙari ya kai rijiyarsa can ƙuryar fili, sokawen maƙwabci na bayan katanga, taku huɗu tsakani. Abin da zai iya ceton irin wannan rijiya shi ne zurfi da kyan aiki: a wuce ruwan sama-sama a kai ga wanda ke ƙarƙashin yumɓu, a zura bututu mai kauri, sannan a cike ratar da ke tsakanin bututun da bangon rami da siminti tun daga sama, don kada ruwan ƙazanta ya bi jikin bututun ya gangara. Wannan simintin shi ne abu na farko da ake tsallakewa idan mai gida ya matsa a rage masa kuɗi, kuma da yake a ƙarƙashin ƙasa yake, babu wanda zai taɓa ganin an tsallake.

Sai kuma ambaliya ta zo ta gama haɗa abin da katanga ta raba. A 2012 da 2022 Kwara ya cika ya batse, musamman bayan an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya biyo Binuwai ya haɗu da shi a Lakwaja. Ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ƙasar Ogbaru da ke maƙwabtaka da Fegge tana cikin inda abin ya fi muni. Idan ruwa ya hau unguwa, ramukan masai kan cika su tumbatso, ruwan ya shafe bakin rijiyoyi ya shiga. Bayan ya janye, an share laka an shanya katifu, ruwan tanki zai koma garau cikin 'yan kwanaki, amma ƙwayoyin taifot da na amai da gudawa suna nan. Mu da muka ga kwalarar 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 3,500, akasarinsu a Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara da maƙwabtansu, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan.

Kafin wani ya ce ƙazantar mutanen kudu ce, ya dubi taswira. Kwara ya taso ne daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200, ya bi ta Bamako da Gao da Yamai da Gaya da Yawuri. Gulbin Maraɗi da ya faro daga ƙasar Katsina yana zuba a Rima, Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato su faɗa Kwara. Galma ta Zariya tana zuba a kogin Kaduna, shi ma can ya nufa. Ledar da aka yar a lambatun Tudun Wada tana iya wucewa ta ƙarƙashin gadar Anacha. Kanawa dai za su iya wanke hannunsu, su ma ba don tsafta ba, don dai nasu ruwan Haɗeja yake bi ya nufi tafkin Chadi. Wani binciken masana a Jamus da aka buga a 2017 ya sa Kwara cikin koguna goma da suka fi kai tarkacen roba teku a duniya, shi da Nilu ne kawai daga Afirka. A ƙasa da Anacha kogin yana rabuwa gida biyu, Nun da Forcados, daga nan ya tsattsage rassa-rassa ya shiga teku da duk abin da muka ɗora masa.

Matsalar ruwan Inugu gajeriya ce. Garin yana zaune a kan wani irin dutsen laka mai tauri da ba ya riƙe ruwa sosai, don haka ko an huda rijiya ba a samun abin kirki, da rani kuma ta ƙafe. Ruwan kirki yana can cikin yashin tudun Ninth Mile da Ajali, daga can tankoki ke jigilarsa. Mazaunin Ama Hausa ko Gariki da ke sayen ruwan tanka bai san inda aka ɗebo ba, bai kuma san abin da tankar ta ɗauka kafin ta koma ɗaukar ruwa ba. Rafin Ekulu kuwa yana karɓar ruwa mai tsami da ke tsiyayowa daga tsofaffin ramukan kwal.

A Fatakwal da kewayenta ne aka shiga abin da kakanninmu ba su san shi ba. Ƙasar yankin yashi ce mai zurfin gaske, cike da ruwa, kuma ruwan yana kusa da sama. Wannan alheri ne, domin haƙa ba ta wahala. Shi ne kuma masifar, domin duk abin da ya zuba a ƙasa babu abin da zai tare shi. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956 ake shimfiɗa bututu a wannan yashi, wasu sun tsufa sun ruɓe, wasu ɓarayi sun huda.

Direbobinmu na tanka da tirela da ke kwana a layin lodi a Eleme, wajen matatar mai da kamfanin taki da hanyar tashar Onne, ya kamata su san sunan wani gari da ke cikin wannan ƙaramar hukuma: Ogale. A watan Agusta 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken da ta yi a ƙasar Ogoni. Ta shafe wata 14 tana aiki, ta duba wurare fiye da 200, ta ɗebi samfur fiye da 4,000 na ƙasa da ruwa. A unguwar Nisisioken ta Ogale, kusa da wani bututun tataccen mai, masu binciken sun tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan da rijiyoyin mutane ke ja. Malalar da ta jawo haka ta faru ne fiye da shekara 6 kafin nan.  Da aka auna ruwan da mutane ke sha, sinadarin benzin da ke cikinsa ya ninka haddin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

Yadda abin ke tafiya shi ne, mai ya fi ruwa rashin nauyi. In ya zuba sai ya nutse cikin yashi har ya iske ruwa, ya kwanta a samansa. Da damina ruwan ƙasa ya taso, man ya taso tare da shi, da rani ya sauka, yana shafe yashin sama da ƙasa. Akasarin man ba ya narkewa, amma akwai sinadarai a cikinsa masu narkewa, benzin ne kan gaba. Su ne ke bin ruwan ƙasa a hankali su yi nisa da inda aka yi malalar, su ɓulla a rijiyar mutumin da bai taɓa ganin ɗigon mai a gonarsa ba. Haddin da aka yarda da shi ƙanƙane ne ƙwarai: miligiram ɗaya tak a cikin lita 100, wato jarka huɗu. Hanci ba ya kama shi sai ya ninka wannan sau da yawa. Ba ya sa gudawa a yau balle a gane, aikinsa a ɓargo yake, shekara da shekaru, kuma an tabbatar yana jawo kansar jini. Rahoton ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30, ya nemi a ware dala biliyan ɗaya don farawa. Sai a 2016 aka ƙaddamar da aikin a garin Bodo. Sarkin Ogale, Emere Godwin Bebe Okpabi, ya sha ɗaukar kwalbar ruwan garinsa zuwa Landan yana nuna wa 'yan jarida, a 2021 kuma kotun ƙolin Birtaniya ta amince a saurari ƙararsu da kamfanin Shell a can. Kamfanin dai ya tsaya a kan cewa akasarin malalar daga satar mai da fasa bututu take.

Ba duka maganarsa ce ƙarya ba. Akwai masu dafa ɗanyen mai a daji, abin da mutanen yankin ke kira kpofire. Suna huda bututu, su zuba man a manyan tukwanen ƙarfe, su hura wuta, su tari gas da kananzir, dagwalon da ya rage su tuttule shi a rafi. In jami'an tsaro sun kama wurin su ma sau da yawa wuta suke cinna masa. Daga ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal suka fara wayar gari da kunkunniya a ko'ina: a kan mota, a farar riga da aka shanya, a tafin ƙafar yaro, a cikin hanci. Mu ma da namu kason a hayaƙin, ko da kaɗan ne, domin babbakar fata da ƙafar sa da tsohuwar taya a mayanka ba baƙon abu ba ne, kuma mun san su wa ke aikin. Abin da ya shafi ruwa a nan shi ne rufin kwano. A arewa ruwan sama da aka tara a indararo shi ne sarkin ruwa. A garin da kunkunniya ke sauka dare da rana, ruwan farko da ya wanko rufi wankin hayaƙin mai ne, dole a bar shi ya zube sosai kafin a tara, in ma za a tara.

Teku kuma ba ta zaune wuri ɗaya. Fatakwal tana can ciki a kan kogin Bonny, tafiyar kilomita 60 da wani abu daga bakin teku, amma sau biyu a kowace rana ruwan teku yana turowa ciki ya cika rafuka, sannan ya janye. Don haka abin da aka zubar a rafi ba wucewa yake yi ya tafi ba, kai da komowa yake yi. Ɗakunan masai da aka kafa a kan ƙafafun katako a unguwannin bakin ruwa, abin da suka saki da safe yana iya dawowa da yamma. Haka man da ya malala a Bodo a 2008 da 2009 ya yi ta shiga lungu-lungu na dajin bakin ruwa yana kashe itatuwa da kifi, har Shell ya biya diyyar fam miliyan 55 a 2015.

Akwai kuma shigowar da teku ke yi ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ba a gani. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, ya fi abin da ƙodar ɗan Adam ke iya fitarwa, shi ya sa mai shan sa ƙishirwa ke ƙaruwa masa. Da yake ya fi ruwan daɗi nauyi, a yankin gaɓa yakan kutso cikin yashi ya kwanta a ƙasa, ruwan daɗi yana bisansa. Masana sun daɗe da gano ƙa'idar wannan zama: duk mita ɗaya da ruwan daɗi ya ɗara saman teku tsayi, akwai kamar mita 40 nasa a ƙasa kafin a kai ga gishiri. Juya lissafin ka ga abin tsoro. In rijiyoyi suka yi ta zuƙa har ruwan ya sauka da mita ɗaya, gishirin zai taso da mita 40. Kamar furar da ta kwanta a ƙwarya ce, mai kurɓa a hankali ruwa-ruwan sama yake samu, wanda ya zuƙa da ƙarfi sai ya tayar da na ƙasa. Kuma ba a buƙatar da yawa: rabin lita na ruwan teku ya isa ya ɓata jarka guda. Wannan ne ya sa a tsibirin Bonny da wasu garuruwan gaɓa ake haƙa rijiya a sami ruwan zartsi, a tsakiyar ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa. Rijiyar da gishiri ya kama kuwa ba ta dawowa da wuri, ko an daina ja.

Mai karatu da ya sauke farali zai ce, to ai mutanen Saudiyya ruwan teku suke sha. Haka ne. Ban da zamzam, akasarin ruwan da alhaji ke buɗewa a famfon masaukinsa a Makka daga Bahar Maliya yake, an cire masa gishiri a Shu'aiba, kudu da Jidda, aka turo shi ta bututu. Riyad kuma daga Jubail ake turo mata, tafiyar fiye da kilomita 400 cikin sahara. Hanya biyu ake bi. Ko a dafa ruwan a tari tururinsa, ko a matsa shi da ƙarfin gaske ta cikin wata fata mai ƙofofin da ruwa ke iya ratsawa gishiri bai iya ba. Ta biyun ce ke yaɗuwa yanzu, tana cin wutar lantarki kamar kilowat 3 zuwa 4 na awa guda a kan kowace lita 1,000. Sauran ruwan da gishirinsa ya ninku ana mayar da shi teku, ya ƙara mata zartsi.

Amma wanda ya mai da teku rijiyarsa, duk abin da ya faɗa teku ya faɗa masa a randa. A watan Janairu 1991, lokacin yaƙin Kuwaiti, sojojin Iraƙi suka saki miliyoyin gangunan ɗanyen mai cikin tekun Fasha. Man ya gangaro gaɓar Saudiyya, hankalin hukuma ya tashi, aka yi ta jera shingaye masu yawo a kan ruwa a bakin mashigar injinan Jubail, domin in mai ya shiga ciki Riyad ce za ta kwana da ƙishirwa. A 2008 zuwa 2009 kuma wani jan gansakuka ya mamaye tekun Oman, ya toshe matatai, har aka rufe wasu injinan a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wani lokaci. Su da kuɗi da wuta ke nan. Mu da ke harhaɗa kuɗin man janareta don a cika tanki, wannan hanya ba tamu ba ce a yanzu, kuma a ganina ba ma buƙatarta. Yashin Neja Delta na da ruwan daɗin da Larabawa za su yi murna da rubu'insa. Lalata shi ake yi.

To me mutum zai yi a ɗakinsa na haya? Ya fara sanin wane abokin gaba yake fuskanta. Alimun da garin ƙwallon zogale suna kwantar da laka ruwa ya washe, amma ba sa kashe ƙwayar cuta, iyakarsu su rage. Tafasawa tana kashewa, in ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Haka ruwan kulorin irin su WaterGuard, in an zuba daidai awo an jira rabin awa. Ga mazaunin Fegge waɗannan biyun su ne kan gaba, musamman bayan ambaliya. Sai dai tafasa ba ta cire gishiri, ƙara shi take yi, tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Ruwan da mai ya taɓa kuwa, in an dafa shi benzin ɗin tashi yake ya cika ɗaki, uwargida da goyonta su shaƙa, sauran sinadaran masu nauyi su zauna a tukunya. Ko wanka da shi ba lafiya ba ne. Matatar gawayin da aka sarrafa tana riƙe wani abu, amma tana ƙoshi, in ba a sauya ta ba ta zama ado. Rijiyar da ke warin fetur ko kananzir barinta ake yi. Ruwa ba ya tsami banza. A ɗaya ɓangaren kuma, ruwan Fatakwal da kan fito fari ya koma ja bayan ya sha iska, ya ɓata bokiti da farar shadda, yawanci ƙarfen da ke cikin ƙasa ne, muninsa ya fi cutarsa. Ido kan tsorata da wanda bai kai ba, ya amince da wanda ya fi.

Fiya wata ma ruwan rijiyar wani ne aka ƙulla a leda. Lambar NAFDAC tana nuna an taɓa duba masana'antar, in lambar ta gaske ce, ba ta nuna halin da matatarsu ke ciki a wannan makon.

Sai kurar ɗan'uwanmu. Jarka 10 ko 12 yake jerawa, kowace lita 25, yana tura abin da ya kai kilo 300 a kan titi mai rami, don haka ba na son a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Amma a leƙa cikin jarkar. Yawancinsu tsofaffin jarkokin man girki ne, wasu ba a san me suka taɓa ɗauka ba. A gindin akwai kore-kore mai santsi da ɗauraya ba ta fitarwa. Murfin ya ɓace an toshe da leda. Tiyon da ake cikawa da shi a ƙasa yake kwana, bakinsa cikin taɓo. Ruwan da ya fito lafiya daga rijiya mai kyau yana iya lalacewa a wannan 'yar tafiyar, ya ƙarasa lalacewa a baho inda kowa ke tsoma moɗa da hannunsa. Wanke jarka da tsakuwa da ruwan kulorin sau ɗaya a mako, da rataye tiyo, da murfi na gaske, ba su kai kuɗin facin taya ba.

Abin da mutum ɗaya ba zai iya ba shi ne awo, kuma nan ne nake ganin sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin direbobi ke da aikin yi. Rijiyoyin da zango guda ke sha daga gare su ba su da yawa, an san su, an san masu su. Jami'o'in Fatakwal da Awka da Inugu suna da ɗakunan gwaji. Sai dai a san abin da za a nema, domin gwajin ƙwayoyin cuta daban yake da na gishiri, na sinadaran mai kuma daban, ya fi tsada, kuma ba a yin sa sai an ambace shi. A Fegge a nemi na ƙwayoyin bayan gida, a maimaita bayan kowace ambaliya. A Eleme da duk inda ke kusa da bututu ko gidan mai ko garejin tanka, a nemi na benzin da sunansa. Kwalbar ɗiba daga ɗakin gwajin ake karɓo ta, ba gorar lemo ake wankewa ba. Ta gwajin ƙwayoyi a sa ta cikin ƙanƙara a kai a ranar, ta gwajin mai kuma ta gilashi ce, a cika ta maƙil ba a bar iska ba, don kada abin da ake nema ya tsere kafin a isa.